Nauyi da Fargaba: Tarihin Ɗaukar Kaya da Ɗaga Ƙarfe a Katsina Laka

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ta Dandume ranar da take ci, ya ga yadda ɗan lodi yake sunkuyawa a aza masa buhun masara mai kilo 100 a gadon baya, ya hau katako da shi har cikin babbar mota, ya dire, ya komo a aza masa wani, ba zai yi tsammanin mutanen wannan yanki suna bukatar a koya musu ɗaukar nauyi ba. To amma akwai wani abin lura. A garuruwan Arewa da dama samari sukan haɗu da asuba ko da la'asar a wani kango, su cika gwangwanaye biyu da siminti, su soka bututun ƙarfe a tsakani, ko kuwa su samo tsofaffin ƙarafan mota, su yi ta ɗagawa suna saukewa, alhali ba ko kwabo da za a biya su. Wannan lacca ta tsaya ne a kan tambayoyi biyu. Ta farko, me ya sa mutum yake ɗaukar nauyin da ba wanda ya aza masa? Ta biyu, mutumin da fargaba ta zauna masa a zuciya, wane irin nauyi ne ya dace da shi? Za a nemi amsa daga tarihin ƙasar Sabuwa da maƙwabtanta, watau Faskari da Ƙanƙara, domin a shekarun baya-bayan nan babu inda ya kai wannan yanki sanin ma'anar kwana da ido ɗaya a buɗe.

Ƙasar da mutanenta

Sabuwa tana can kusurwar kudu maso yammacin Jihar Katsina, ta yi iyaka da ƙasar Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Tana cikin yankin da tun dā ake kira Katsina Laka, inda tsofaffin garuruwa irin su Maska da Birnin Kogo suke. Sunan da kansa ya faɗi halin ƙasar: laka ce mai nauyi, mai riƙe ruwa, mai albarkar dawa da masara da auduga, wadda ba ta huɗuwa sai da ƙwanji. Manomin jigawa yana iya shafe yini da hauya yana tafe a tsaye, amma na laka dole ya sunkuya ya kafa garma, ya ɗago ƙasa, ya kifa ta, sau ɗaruruwa kafin rana ta take. In kaka ta yi kuma ga dammunan dawa da za a kai gida a zuba a rumbu. Mata kuwa nasu nauyin ba shi da damina ba shi da rani: tulu, da itace, da taɓarya, da goyo a baya. Maƙwabtansu Gwarawa ma sun bambanta da Hausawa a nan, domin matansu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, saboda girman da suke ba kai.

Harshen Hausa ya riga ya haɗa nauyin jiki da na zuciya tun kafin likitoci su yi magana a kai. Magidanci ana cewa ya ɗauki nauyin iyalinsa, ko da bai taɓa saɓa ɗayansu a kafaɗa ba. Wanda ya biya bashi ko ya aurar da 'ya, ya sauke nauyi. Yaro yana jin nauyin surukinsa ko malaminsa. Baƙin labari yakan yi wa mutum nauyi a ƙirji, sa'an nan in tsoro ya zo farat ɗaya sai a ce gabansa ya faɗi, kamar wani kaya ne ya kuɓuce. Wannan ba wasan kalmomi ba ne kawai. Alama ce ta cewa Bahaushe ya daɗe da gane damuwa aba ce da jiki yake ɗauka.

Nauyin da ake aza wa mutum

Mafi yawan nauyin da aka ɗauka a tarihin ƙasar Hausa ba da son rai aka ɗauke shi ba, kuma sau da yawa tsoro ne ya haife shi. Ganuwa ita ce babbar shaida. Kowace ganuwa da ake gani a Kano ko Katsina ko ƙananan birane, ƙasa ce da dubban mutane suka haƙa, suka kwaɓa, suka ɗauka a ka, domin gudun mahara. A ƙarni na 19 ƙasar Katsina ta sha hare-haren Maraɗawa ta dajin Rugu, ƙasar Gwari kuwa ta sha na Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse. Saboda haka fargabar da ake fama da ita a wannan sashe ba baƙuwa ba ce, ta taɓa zuwa ta tafi.

Fatauci ma a kan wuyan mutane da bayan jakuna ya tsaya. Ayarin da madugu yake ja zuwa Gwanja neman goro yana tafe da 'yan alaro, kowa da gammonsa, wata da watanni a hanya. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 ba su kawar da wannan ba, sai ma suka tsara shi: kayan ɗan dako ɗaya laba 60 ne, watau kusan kilo 27, kuma dagaci ne yake fitar da mutanen da za su ɗauki akwatunan joji daga zango zuwa zango. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, amma jirgi bai rage wa talaka kaya ba. Ƙara masa ya yi, domin auduga da gyaɗa sai an kawo su bakin tasha. Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake alfahari da hotonta har yau, buhu wajen 15,000 ake jerawa a kowace ɗaya, kuma kowane buhu a kan mutum ya hau. Ana tuna sunan Alhasan Ɗantata da sauran attajirai, amma na waɗanda suka hau da buhunan ya ɓace.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya kai maƙura. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ɗiban gwamna, aka kwashi dubban talakawa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa, wasu kuma suka gudu. A can Bama kuwa, Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa kwarin Kaladan da taimakon sojojin dako waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka cikin duwatsu da kurmi inda mota ba ta shiga. Wasu daga cikin sojojin da suka komo sun komo da taɓin hankali, har a 1944 aka mai da wani tsohon gidan yari a Lantoro, cikin Abekuta, wurin ajiye irinsu. Abin da za a riƙe daga wannan babi shi ne, irin wannan nauyi bai taɓa kwantar wa kowa da hankali ba. Wanda aka aza wa kaya ba shi ya zaɓi girmansa ba, ba shi zai ce ya isa ba, in ya ajiye kuma bulala ko tara tana jiransa.

Nauyin nuna bajinta

Akwai kuma nauyi na biyu, wanda saurayi yake nema da kansa domin a san da shi. A gayya, in makaɗin gangar noma ya kama kirarin wani gwarzo, sai ka ga ya tsere wa sa'o'insa da kunya biyu ko uku, 'yan mata suna guɗa. Bayan kaka kuma sai fagen kokawa da na dambe su buɗe. Kokawa ita ce ta fi kusa da ɗaga ƙarfe, domin gwanin kokawa ɗaga abokin karawarsa yake yi cak ya kai shi ƙasa. Dambe kuwa asalinsa na mahauta ne, mutanen da sana'arsu ta saba musu da kayar da sa da saɓa cinyarsa. Sunan Shago ya wanzu ne saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa. A Jamhuriyar Nijar gwamnati ce ta ɗauki kokawa ta mai da ita gasar ƙasa a 1975, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko.

Wanda ya dubi ɗan kokawa kafin ya shiga fage zai ga abin da ya shafi wannan lacca kai tsaye. Ga layu a damtse, ga guru a ƙugu, ga rubutun da ya sha, ga sagau da ake cewa yana sanƙarar da hannun abokin gaba, ga makaɗi yana zuga shi, shi kuma yana kirari yana rawar jiki. Duk wannan shiri ba na tsoka ba ne, na zuciya ne. Magabata sun san ƙato ma gabansa yana faɗuwa, sai suka gina masa hanyoyin da zai bi ya shawo kan tsoronsa a gaban jama'a. Ko mutum ya yarda da laya ko bai yarda ba, lalle ya yarda cewa waɗanda suka ɗaura ta sun gane inda ciwon yake.

Haka kuma al'ada ba ta sakin yaro ga babban nauyi rana ɗaya. Da 'yar ƙaramar fartanya yake farawa, yarinya da ɗan ƙaramin tulu. In yaro ya matsa sai ya ɗauki ta manya, Hausawa suka ce ba a ƙwace wa yaro garma, in ya ji nauyi da kansa zai yar. Girkawan dā suna da labari mai kama da wannan a kan wani ɗan kokawa, Milo na Kuroton, wanda aka ce kullum yana saɓa ɗan maraƙi, maraƙin yana girma ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi.

Zuwan ƙarfe

Ɗaga ƙarfe a matsayin wasa mai awo da alƙali daga Turai ya fito. Yana cikin wasannin Olamfik na farko da aka yi a Atina a 1896, kuma a wannan zamani ne wani Bajamushe, Eugen Sandow, ya yi suna wajen nuna tsokar jikinsa da sayar da darussan motsa jiki. Bambancin sandar ƙarfe da buhu ko dutse shi ne ana iya ƙara mata kilo ɗaya ko biyu, a rage, a rubuta. Wannan ƙaramin bambanci shi ya jawo hankalin likitoci. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, wanda shi kansa maɗagin ƙarfe ne, ya buga sakamakon jinyar da ya yi wa sojojin da suka ji rauni a wani asibiti a Shikago, inda ya sa su ɗaga nauyi ana ƙara musu kaɗan-kaɗan, suka warke da sauri fiye da yadda aka saba. Daga aikinsa ne aka gaji tsarin nan na ɗagawa sau goma, a huta, a maimaita har zagaye uku. Watau shekarun da ake kai sojojin Bama Lantoro a kulle, su ne shekarun da aka fara mai da nauyi magani a wani ɓangaren duniya.

Nijeriya ta yi abin kirki a wannan wasa, kuma abin mamaki mata da naƙasassu ne suka fi ɗaga sunanta. A Sidni a 2000, shekarar da aka fara barin mata su shiga gasar a Olamfik, Ruth Ogbeifo ta ci azurfa. Mariam Usman ta zo ta biyar a Beijin a 2008, daga baya aka ba ta tagulla sa'ad da aka kama wasu daga cikin waɗanda suka gabace ta da shan haramtattun ƙwayoyi. Amma ƙarfen unguwa bai jira hukumar wasanni ba. Finafinan Indiya da na Sin da na Amurka sun fi kowane malamin wasanni tasiri a kan samari. Wani yana ɗagawa domin riga ta zauna masa, wani domin neman aikin soja ko na gadi, wani domin a ji tsoronsa a unguwa, kuma ba a ɓoye yake ba cewa 'yan siyasa sun sha ɗibar irin waɗannan ƙarti lokacin zaɓe. Wani kuwa in an matsa shi da tambaya ba abin da zai ce sai dai ranar da ya ɗaga yakan sami barci.

Fargabar wannan zamani

Wannan amsa ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci ga ƙasar Sabuwa. Satar shanu da ta yi ƙamari a dazuzzukan da suka haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna ta rikiɗe ta zama satar mutane da ƙone ƙauyuka. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. A Oktoba 2023 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, a 2025 kuma aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga a wasu ƙananan hukumomi. Cikin waɗannan shekaru manoma da yawa sun bar gonakinsu na nesa, wasu sun yi gudun hijira zuwa Funtuwa da Zariya. Abin da ba a cika lissafawa ba cikin asarar shi ne, mutumin da ya saba yini yana kifa laka ya wayi gari a zaune a ƙofar gidan wani, jikinsa ba gajiya, zuciyarsa ba hutu.

Tun 1915 masanin aikin jiki Walter Cannon ya bayyana abin da tsoro yake yi wa jiki. Wani ruwa da ake kira adaranalin yakan kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama-sama, tsoka ta ɗaure, duk domin mutum ya yi faɗa ko ya gudu. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura. Amma in ƙarar babur kawai aka ji da dare, ba faɗa ba gudu, kuma haka gobe, haka jibi, sai jiki ya zauna cikin shirin da ba ya ƙarewa. Daga nan sai rashin barci, da faɗuwar gaba ba dalili, da saurin fushi, da ciwon kai da na ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da ciwon fargaba a duniya.

A 2017 wasu masu bincike, a ƙarƙashin Brett Gordon na Jami'ar Limerick ta ƙasar Ailan, suka tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi a kan mutum 922, suka sami cewa motsa jiki da nauyi yana rage alamun fargaba. Ragin matsakaici ne, ba na ban mamaki ba, kuma ya fi bayyana ga masu lafiya bisa ga waɗanda ciwon ya riga ya kama. Dalilin da ya fi shiga hankali shi ne, ɗaga nauyi yana kawo wa jiki alamun tsoro su kansu, watau bugun zuciya da haki da gumi, amma a wannan karo mutum ya san abin da ya kawo su, kuma yana zaune zai ga sun lafa cikin minti biyu. In ya maimaita haka sau ɗari, jiki yakan koyi cewa bugun zuciya ba mutuwa ba ce.

Daga nan ne maganar zaɓi ta taso, kuma a nan ne samari suka fi yin kuskure. Binciken da aka yi ya fi goyon bayan nauyi matsakaici, wanda mutum zai ɗaga sau takwas zuwa goma sha biyu yana da sauran ƙarfi, kwana biyu ko uku a mako, bisa ga nauyin gasa wanda ba ya ɗaguwa sai sau ɗaya da kyar. Mai fargaba in ya kwanta rigingine a kan benci ya ɗora sanda mai nauyi bisa ƙirjinsa ba mai tsaya masa, ya sa kansa cikin halin da yake gudu ne, watau a danne shi ba mafita, ban da haɗarin da yake ciki na zahiri. In kuma ya riƙe numfashi yana yunƙuri, jini yakan hau, jiri ya ɗebe shi, ya zaci ciwon ne ya taso. Abin da ya fi dacewa da shi a farko shi ne motsin da zai iya sakin kayan a duk sa'ad da ya so: ɗago nauyi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, tsuguno da miƙewa da nauyi a rungume a ƙirji, jawo nauyi zuwa ciki, da tafiya da kaya a hannu biyu. Wannan na ƙarshe Turawa da kansu tafiyar manomi suke ce masa, kuma duk ɗan ga-ruwan da ya ɗauki jarka biyu ya san shi. Ya fitar da numfashi lokacin ɗagawa, ya zauna tsakanin zagaye har ƙirjinsa ya natsu, kada kuma ya yi shi dab da kwanciya. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ƙaba sai sun ga likita tukuna. Wanda kuwa ya haɗa ƙarfe da tiramol ko allurar kumbura tsoka, ya sayi fargaba ne da kuɗinsa, domin waɗannan suna cikin abubuwan da suke ta da ita.

In an duba sosai, sharuɗɗan nan duka kishiyar ɗiban gwamna ne: mutum shi ya zaɓi kayan, shi ya san awonsu, shi zai ce ya isa. Sun kuma bambanta da fagen kokawa, domin ba makaɗi, ba wanda za a kayar. Sai dai abu ɗaya na gayya yana da amfani a riƙe, watau yin aikin cikin abokai, tun da kaɗaici abincin zullumi ne, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Wajibi ne a faɗi iyakar abin. Gwangwanin siminti ba ya korar ɗan bindiga daga daji, ba ya biyan kuɗin fansa, kuma wanda aka tsare wata uku a daji, ko matar da aka kashe mijinta a gabanta, ciwonsu ya wuce na motsa jiki. Irin waɗannan suna bukatar likitan ƙwaƙwalwa da magani da mai sauraronsu. Sai a Janairu 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958, manyan asibitocin wannan fanni kuwa, irin na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano da na Kware a Sakkwato, tafiya ce mai nisa da tsada ga mutumin Damari ko Machika ko Maibakko. Ga kuma mata, waɗanda su suka fi ɗaukar kaya a tarihin ƙasar, su ne kuma suke kwana da yara sa'ad da maza suka fita sintiri. Injin niƙa ya rage musu daka, gudun hijira ya raba da yawansu da turmi da rijiya da maƙwabtan da suke lugude tare, kangon da ake ɗaga ƙarfe a unguwa kuwa na maza ne.